An yi ƙaura yaro yana sakandare: a bar shi ya ƙarasa a can, ko ta kusa da gida, ko mai suna ta nesa?

Yaron firamare idan aka tashi daga gari ba ya ba da wahala sosai, duk inda ka kai shi kafin sati biyu ya yi abokai har ya fara manta sunan malaminsa na da. Ɗan sakandare kuwa lamarinsa daban ne, musamman wanda ya kai shekara 14 zuwa 17, saboda shi ya riga ya zaɓi darussa, ya yi nisa a wata manhaja, jarrabawar fita tana gabansa, ga abokan da yake ganin duniya ba ta tafiya sai da su. Iyaye da yawa sai an gama ɗaure kaya an sauke a sabon gida sannan suke tuna maganar makaranta, sai a shiga gaggawa, a tambayi maƙwabci wace ce mai kyau a nan, ya faɗi suna ɗaya, gobe a je a sayi fom. Gaskiya wannan yana ci min rai, don shekarun nan uku zuwa huɗu su ne suke buɗe wa yaro ƙofar jami'a ko su rufe ta.

Yawanci zaɓin da ke gaban iyaye uku ne. Ko dai a bar yaron a tsohuwar makarantarsa ya ƙarasa, yana kwana a makarantar ko a hannun wani ɗan uwa. Ko a sa shi a wadda take kusa da sabon gida ko da ba ta yi wani suna ba. Ko kuma a nemo wadda kowa yake yabo a sabon garin, komai nisanta. Amma kafin ku auna ko ɗaya daga ciki, ku fara amsa tambaya guda: saura nawa ya zauna jarrabawar ƙarshe, kuma wace jarrabawa ce? A ganina wannan amsar ita ce take yanke kusan rabin shawarar, sauran duk biyo baya ne.

Dalili kuwa shi ne, mafi yawan jarrabawar gama sakandare a duniya ba karatun shekara ɗaya ake tambaya ba, kwas ne dogo wanda aka ɗinke shi wuri guda. IGCSE ta Cambridge da GCSE ta Ingila karatun shekara biyu ne, daga wajen shekara 14 zuwa 16, kuma hukumomin da suke shirya jarrabawar ba ɗaya ba ne, akwai Cambridge, akwai Pearson Edexcel, akwai AQA da OCR, kowacce da nata silabas. Sai ka ga makarantu biyu duk suna koyar da tarihi ko adabin Turanci amma littattafan da aka zaɓa da zamanin da ake karantawa sun sha bamban, yaro ya shekara yana karanta wani littafi ya zo sabuwar makaranta a ce masa ai mu ba shi muke yi ba. Difloma ta IB, wato wani kwas na ƙasa da ƙasa na shekara biyun ƙarshe na sakandare, ta ma fi tsauri wajen wannan, darussa 6 ake ɗauka, yawanci uku a babban mataki uku a matakin daidai, ga dogon rubutun bincike mai kalmomi har 4,000, ga ayyukan da malamai suke ba wa maki a cikin makaranta a tsawon shekara biyun, jimillar maki 45. Idan sabuwar makaranta ba ta da ɗaya daga cikin darussa shidan nan a matakin da yaron yake yi, to an shiga matsala babba. A Faransa ɗalibin lise, wato babbar sakandare, yana rubuta jarrabawar harshen Faransanci tun a ƙarshen ajin kusa da na ƙarshe, kuma kashi 40 cikin 100 na sakamakon bakaloriya, wato jarrabawarsu ta gama sakandare, daga makin cikin aji yake fitowa. A ƙasashen da suke ƙarƙashin WAEC, wato Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, makaranta ce take yi wa ɗalibanta rajista watanni kafin jarrabawa, ita ce kuma take tura makin gwaje-gwajen da aka yi masa a aji. Amurka ce tsarinta ya ɗan fi sauƙin ɗauka a tafi da shi, don daga aji 9 zuwa 12 yaro yana tara makin kwas-kwas ne a takardar sakamakonsa, amma ko a can kowace jiha da nata sharuɗɗan kammalawa, yana yiwuwa a ce wani kwas da ya yi ba ya cikin lissafi ko kuma akwai wani da dole sai ya yi kafin a ba shi shaida.

To kun ga kenan, sunan makaranta da kyan gininta ba su ne farkon abin dubawa ba. Makarantar da ba ta yi suna ba amma tana yin jarrabawa iri ɗaya da darussa iri ɗaya da wadda yaron ya baro, ta fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan shahararriya wadda za ta ce ya ajiye fiziks ya koma wani abu saboda ajin ya cika.

Mu ɗauki zaɓi na farko, barin yaro a can. Idan yana shekarar ƙarshe, balle a ce an riga an yi masa rajistar jarrabawa, ni dai ina goyon bayan a bar shi ya ƙarasa matuƙar akwai hannun da za a bar shi a ciki wanda zuciya ta kwanta da shi. Malamansa sun san inda yake da rauni, sun san shi da suna, ayyukan firaktikal ɗinsa da makinsa duk suna wurinsu, idan za a rubuta masa takardar shaida zuwa jami'a su ne za su rubuta abin da yake gaskiya game da shi. 'Yan watanni ne, za su wuce. Amma fa akwai sharaɗi, kuma sharaɗin nan ba ƙarami ba ne. Gidan da za a bar shi dole ya zama gidan da ake son zamansa da gaske, ba wanda aka karɓe shi don kunya ba, da wurin da zai zauna ya yi karatu da dare, da babba guda ɗaya wanda zai lura idan ya daina cin abinci ko ya fara dawowa a makare. Yaro mai shekara 16 ko 17 yana iya yi maka kama da babba, yana magana kamar babba, amma idan ya ga an kwashe ƙannensa an tafi an bar shi, akwai abin da yake ji a ransa wanda ba lallai ya faɗa ba. A zauna da shi a gaya masa dalili, a tsayar da lokacin waya, a tsayar da lokacin da za a zo ganinsa ko zai zo hutu. Idan kuwa saura shekara biyu ko uku, to wannan zaɓin ya fara rasa ƙarfinsa, domin raba yaro da iyayensa tsawon wannan lokaci a daidai shekarun da halinsa yake ginuwa farashi ne mai tsada, kuma duk kirkin ɗan uwa zaman shekara uku yana gajiyar da kowa.

Sai babbar gardamar, ta kusa ko mai suna ta nesa. A nan ne iyaye suka fi ruɗuwa, don kowa yana son a ce ɗansa yana makaranta kaza. Ku yi lissafin hanya tukuna. Awa ɗaya zuwa awa ɗaya dawowa, awa biyu kenan kullum, awa 10 a sati idan kwana biyar ake zuwa, kuma wannan lokacin daga barcin yaron da karatunsa na gida za a cire shi, babu wani wuri da zai fito. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a dare, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawarar kada makarantun matasa su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe, saboda jikin matashi da kansa yake jinkirta jin barci da dare, ba wai taurin kai ba ne kawai. Yaron da zai tashi tun duhu ya shiga mota ya dawo a gajiye bayan kowa ya dawo, ko malaman makarantar sun fi na ko'ina iya koyarwa rabin abin da suke faɗa gyangyaɗi ne zai cinye. Kuma kada ku gwada hanyar ranar hutu da rana tsaka, ku bi ta a daidai lokacin da zai riƙa fita da safe ranar aiki, sannan ku tambayi kanku ranar da mota ta lalace ko mai kai shi ba shi da lafiya ya za a yi.

Wani abu da ta kusa take da shi wanda ba a cika lissafawa ba shi ne abokai. Yaron nan bai san kowa a garin ba. Idan makarantarsa tana unguwarsu, waɗanda yake gani a aji su ne zai gamu da su a hanya, su yi aikin gida tare, su buga ƙwallo tare, ku ma ku san iyayensu ku san da wa yake tafiya. Idan tana can wani gefen gari, abokansa sun warwatse ko'ina, sai ya zama baƙo a unguwa baƙo a makaranta, abin da ya rage masa kawai waya, yana ta hira da abokansa na tsohon gari har tsakar dare. Matashin da yake jin kaɗaici karatu ba ya shiga masa, wannan duk malamin da ya daɗe a aji zai gaya muku.

Ba ina cewa makaranta mai suna ba ta da abin da ta fi ba, tana da shi. Sau da yawa tana da ɗakin gwaje-gwaje mai kaya a ciki, laburare mai littattafan da ake buɗewa, darussa masu yawa da za a zaɓa, malaman da suka san yadda ake makin jarrabawa, da wanda aikinsa kawai shi ne taimaka wa ɗalibai neman jami'a. Kuma zama cikin yara masu himma yana jan yaro sama, wannan gaskiya ne. Idan ɗanku ko 'yarku tana son likitanci ko injiniyanci kuma ta kusa ba ta da malamin kemistiri tsayayye, to nisa ya zama dole, a nemi yadda za a rage wahalarsa. Abin da nake so ku yi hattara da shi shi ne allon sakamakon da ake kafawa a bakin ƙofa. Makarantar da take tace yara da jarrabawar shiga ta ɗauki mafi ƙoƙari kawai, dole sakamakonta ya yi kyau, wannan bai nuna ta iya koyarwa ba, ya nuna ta iya zaɓe ne. Wasu ma idan jarrabawa ta matso sai su sallami masu rauni ko su hana su rubutawa da sunan makarantar. Saboda haka ku tambaya yara nawa suka fara ajin, nawa suka kai ga zama jarrabawar, kuma yaron da ya shigo da matsakaicin ƙoƙari da wane sakamako yake fita. Yadda shugaban makaranta ya amsa wannan tambayar, da sakin fuska ko da kame-kame, ya isa ya gaya muku abubuwa da yawa.

Maganar ta gwamnati ko ta kuɗi ba zan daɗe a kai ba don aljihun kowa shi ya san shi. A ƙasashe da yawa, irin su Amurka da Faransa, adireshin gida ne yake tsayar da makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, wato ranar da kuka sa hannu a takardar haya kun riga kun zaɓa masa makaranta ba ku sani ba, don haka wanda bai riga ya kama gida ba ya fara duba makarantu kafin ya duba ɗakuna. Ta kuɗi ta fi saurin karɓar yaro a tsakiyar zango kuma ajinta yakan fi ƙaranci, amma ku sa a rubuta muku dukkan abin da za a biya a shekara, har da yunifom da littattafai da mota da kuɗin jarrabawa da lesin, sannan ku tabbata za ku iya ɗauka har ya gama. Sake cire shi bayan shekara ɗaya saboda kuɗi sun yanke ya fi muni a kan tun farko a sa shi inda ake iyawa. Kuma ko wacce iri ce, ku ga shaidar rajistarta da hukumar ilimi da idonku, ku tabbata cibiyar jarrabawa ce da aka amince da ita, kada a wayi gari ana loda yara a mota zuwa wata makaranta su rubuta da sunan da ba nasu ba.

Makarantar kwana a sabon garin fa? Ni ba na sonta a shekarar farko ta ƙaura sai in babu makawa. Yaro ya rasa garinsu, ya rasa abokansa, sai kuma a ce gidan ma ba zai kwana a ciki ba, an tumɓuke shi sau biyu kenan a lokaci guda. Wanda dama ya saba da bodin kuma yana jin daɗinta, wannan daban, shi canjin ɗaki ne kawai ya yi.

Akwai kuma maganar aji, wadda take tayar da hankali a gidaje da yawa. Shekarar karatu ba lokaci ɗaya take farawa a duniya ba, a Turai da Amurka wajen Agusta ko Satumba ne, a Afirka ta Kudu da Ostireliya Janairu ne zuwa farkon Fabrairu, a Japan kuwa Afrilu. Wanda ya tsallaka daga wannan tsari zuwa wancan dole ko dai ya maimaita rabin shekara ko ya tsallake rabin shekara. Iyaye sukan ga maimaici kamar abin kunya, su matsa sai an kai yaron gaba. Sauri ya haifi nawa. Idan tsarin jarrabawa ya canja gaba ɗaya, ko harshen koyarwa ya canja, gara ya fara kwas ɗin shekara biyun nan daga tushe da ya faɗa tsakiyarsa yana bin baya har ranar jarrabawa. Amma idan tsari ɗaya ne, darussa ɗaya ne, sakamakonsa kuma mai kyau ne, kada ku yarda a mayar da shi baya haka kawai don ajin gaba ya cika, ku nemi a gwada shi a gani. Kuma idan za a maimaita ɗin, shi ya kamata ya fara jin dalili daga bakinku kafin ya ji daga bakin malami a gaban aji.

Duk wanda kuka zaɓa, kada ku bar tsohon garin sai kun karɓi takardu, don bin su daga nesa wahala ce ta gaske. Sakamakon kowane zango na shekarun da ya yi, takardar barin makaranta, makin gwajin cikin aji, lambar rajistar jarrabawa idan an yi, jerin abubuwan da aka riga aka koyar a kowane darasi, littattafan rubutunsa musamman na kimiyya da lissafi, takardar haihuwa da katin rigakafi. Ku ɗauki hoton komai a waya. Idan yana da wata lalura, ta ido ko ta ji ko asma ko wahalar karatu da aka riga aka gano, a samu rubutaccen bayani, kuma ku faɗa wa sabuwar makarantar tun ranar farko, ɓoyewa don kada a ƙi ɗaukarsa shi zai cutar. Jerin abin da aka koyar ɗin nan shi ne mafi daraja a cikinsu wallahi, don da shi za ku zauna da malamin lissafi na sabuwar makaranta a jera biyu a ga inda aka bar shi a baya da inda ya riga su.

Sannan gani ya kori ji. Ku je makarantar ranar da ake karatu, ba ranar da aka share ko'ina don baƙi ba, kuma ku tafi da yaron. Ku tsaya lokacin tara ku ga yadda manya suke mu'amala da ƙanana, ku leƙa banɗaki, ku roƙi a nuna muku littafin wani ɗalibi ku ga ko malami yana dubawa yana gyarawa ko sa hannu kawai yake yi. Ku tambaya malaman lissafi da kimiyya shekara nawa suka yi a wurin, don makarantar da malamai suke shigowa suna fita kowane zango akwai abin da yake damunta. Ku tambaya idan sabon ɗalibi ya zo a tsakiyar shekara wa yake kula da shi, me ake yi idan aka ce ana cin zalin wani, da wa za ku yi magana idan akwai damuwa. Da kun fito ku saurari yaron kafin ku faɗi naku ra'ayin, yana ganin abin da ku ba ku gani, yadda aka kalle shi, yadda ɗalibai suke yi idan malami ya wuce. Ba wai a sakar masa duka shawarar ba, ku tace ku fitar da biyu waɗanda kun yarda da su dukansu, sai ku bar shi ya ɗauki ɗaya. Ƙaurar nan ba da shawararsa aka yi ba, to a ba shi wannan ɗin ya ji shi ma yana da baki a rayuwarsa, kuma makarantar da ya zaɓa da kansa ya fi jure wahalarta.

Idan aka ce in faɗi nawa kai tsaye, ɗan shekarar ƙarshe a bar shi ya ƙarasa inda yake in akwai amintaccen hannu, in babu sai a nemi wadda take jarrabawa iri ɗaya da darussa iri ɗaya ko ina take a sabon garin, suna da nisa duk a ajiye su gefe na 'yan watannin nan. Wanda yake tsakiyar kwas ya bi iyayensa, a sa dacewar darussa a gaba, a nemo masa mai lesin na zango ɗaya a darussan da aka samu giɓi. Wanda kuma yanzu zai fara manyan azuzuwa shi ne yake da sarari, a nan idan ta kusa tana da malamai tsayayyu a darussan da yake so kuma kun ga tsari da idonku, ita zan ɗauka a kan mai suna ta nesa, sai dai in abin da yake son karantawa babu shi a cikinta.

Bayan an shiga kuma a yi haƙuri da sakamakon zangon farko, yakan ɗan sauka ko da yaron mai ƙoƙari ne, kada a ɗauka makarantar ce ba ta yi ba a fara neman wata. Ku nemi ganin malamin ajinsa bayan kamar wata guda, kada ku jira ranar karɓar sakamako. Abin da ya kamata ya ɗaga muku hankali shi ne idan zango ya ƙare bai taɓa ambaton sunan aboki ko ɗaya ba, ko kullum da safe ciwon kai ko ciwon ciki amma ranar hutu lafiya lau, ko kayansa suna ɓacewa yana ƙin faɗin yadda aka yi, ko barcinsa da cin abincinsa sun canja sosai. Idan kun ga haka ku je makarantar da kanku a satin, ku zauna da malamin ajin da shugaban makaranta, in abin ya ci gaba kuma a kai shi ya ga likita.